Baƙar tsutsa mai awon taƙi a gonakin shayin Indiya: mece ce, kuma me ya sa feshi ya kasa ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin aikin gona ne a Indiya. An kai mu ziyara wata gonar shayi kusa da Siliguri, sai na ga wata baƙar tsutsa mai ɗigo-ɗigon fari tana tafiya tana tanƙwara bayanta kamar mai awon taƙi. Ma'aikatan gonar sun ce babu abin da ke hana su barci kamarta, sun yi feshi har sun gaji. Wace tsutsa ce wannan, me take zama in ta girma, kuma me ya sa magani ba ya gamawa da ita?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba da sa'ar karatu. Da siffar da ka bayar da wurin da ka gan ta, wannan ita ce masana ke kira Hyposidra talaca. Tana da ƙanwa, Hyposidra infixaria, wadda ake samun su tare a gonakin shayin yankin, kuma suna kama har sai an lura sosai kafin a raba su. Amma talaca ce ta fi yawa, ita ce ta fi ɓarna, don haka a kanta zan tsaya.

Ka yi daidai da ka fara da tafiyarta, domin tafiyar ce shaidar gidansu. Ka ɗauki kowace tsutsa ta gama-gari da ka sani a gonar wake ko ta masara, ka juya ta rigingine. Za ka ga ƙafafu shida sirara a gaba kusa da kai, sannan wasu ƙafafun masu kauri, masu taushi, guda goma: takwas a tsakiyar jiki, biyu a can ƙarshe. Da su take rarrafe sumul, ciki a ƙasa. Ita kuwa wadda ka gani, shida na gaba suna nan, amma masu kaurin huɗu ne kacal, kuma duka a baya suke. Tsakiyar jikinta babu komai. Abin da ba shi da ƙafa a tsakiya ba shi da yadda zai yi rarrafe, sai dai ya kama da gaba, ya jawo baya ya haɗa su, tsakiyar ta tashi sama kamar baka, sannan ya kafe baya ya miƙa gaba. Haka mai sayar da igiya yake yi da babban yatsa da na tsakiya. Ba kai kaɗai ka ga taƙi a wannan tafiya ba. Mutanen Indunusiya suna ce mata ulat jengkal, wato tsutsar taƙi, kalma da kalma. Sunan da Sinawa da Japanawa suke kiran irinta shi ma daga ma'aunin tsawo ya fito. Sunan dangin a wajen masana kuwa, Geometridae, daga Girkanci ne, ma'anarsa masu awon ƙasa. Babban gida ne, an rubuta sunayen iri wajen 23,000 a cikinsa.

In ka dawo gida za ka ga wasu korayen tsutsotsi a kan tumatir ko wake suna ɗan tanƙwara baya su ma. Kada ka yi saurin cewa dangi ɗaya ne. Ka ƙirga ƙafafun baya. In shida ne, wani gida ne daban, sun yi kama ne kawai a tafiya. In huɗu ne, to ka sami mai awon ƙasa na gaskiya.

Abin da take zama in ta girma ba malam-buɗe-littafi ba ne, faɗa-wuta ne, irin masu zuwa fitila da dare. Ba shi da wani kyau da zai ja ido. Launinsa tsakanin toka da ƙasa-ƙasa ne, da wasu layuka masu duhu da suka ratsa fukafukan ba su fito sosai ba. Bakin fiffiken gaba yana da ɗan lanƙwasa kamar lauje, ƙasansa da ɗan gurbi kamar an gutsura. In ya sauka ba ya haɗe fukafukansa sama, shimfiɗa su yake yi ya manne da ɓawon itace, sai ka rantse busasshen ganye ne iska ta maƙala. Namiji ƙarami ne, faɗinsa da fukafukai a buɗe kamar santimita 3. Mace ta fi shi girma nesa, da ciki mai nauyi cike da ƙwai. Hanya mafi sauƙi ta raba su ita ce ƙahonnin kansu: na namiji kamar gashin tsuntsu suke, masu haƙora gefe da gefe, na mace kuwa siraran zare ne. Dalilin kuwa, mace ce ke zama wuri ɗaya da dare ta saki wani ƙamshi da hancinmu ba ya ji, shi kuma ya biyo iska da waɗannan ƙahonni har ya same ta. Suna da kunne ma, ba a kai ba, a gindin ciki inda ya haɗu da ƙirji, da shi suke jin kukan jemage su kauce kafin ya cafke su.

Wani Baturen Ingila, Francis Walker, wanda ya shafe shekaru yana rubuta sunayen ƙwarin da aka tara a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, shi ya fara siffanta ta a 1860. Mazauninta yana da faɗi: daga Indiya da Siri Lanka, ta bi Tailan da kudancin Sin da Taiwan, ta gangara Malesiya da Indunusiya da Filifin, har Niyu Gini da arewacin Ostareliya. Kuma ba ta da zaɓen abinci. Tana cin ganyen koko da ake yin cakulan da shi, da gahawa, da mangwaro, da rogo, da dankali, da zurman, da ciyayi iri-iri na gefen hanya. A Indunusiya an daɗe da saninta a gonakin koko da shayi. Amma a yankin da ka je, shekara da shekaru 'yar daji ce, tana zaune a kan itatuwan kurmi irin su sal, babban itacen katako na gindin duwatsun Himalaya, ba wanda ya damu da ita sai masu tara ƙwari.

Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe, domin duk amsar tambayarka ta uku daga nan take fitowa. Ba ƙwaron shayi ba ne tun asali. Ƙwaron itatuwa ne da ya sami shayi a ƙarƙashinsa.

Manoman shayin Assam da Bengal, a gabashin Indiya, suna da tasu tsutsar awon taƙin tun da, mai suna Biston suppressaria, 'yar gida ɗaya da sanannen faɗa-wutan nan na Ingila da ya koma baƙi a garuruwan da hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwansu, wanda ake kawo labarinsa a darasin halittu. Ita Biston an san halinta. Tana zuwa da lokacinta, tana yin 'yan zagaye a shekara, in sanyi ya shigo ta kwanta a ƙasa sai bazara. Daga wajajen 2006 ne aka fara ganin baƙar tana yawaita a gonakin Dooars, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan ta arewacin Bengal ta Yamma da ke bakin iyakar Butan. Sunan ma daga kalmar ƙofa ya fito, don nan ne ƙofofin shiga Butan. Cikin 'yan shekaru ta mamaye Dooars da Terai inda ka je, ta shiga kwarin kogin Brahmaputra a Assam, ta ture Biston gefe ta zama ita ce babbar mai cin ganye. In ka tuna Assam kaɗai na ba da kusan rabin shayin Indiya, kuma Indiya ce ta biyu a duniya bayan Sin, za ka gane dalilin rashin barcin ma'aikatan nan.

Yanzu mu bi rayuwarta daga ƙwai. Ka tuna da dogayen itatuwan da ka gani jefi-jefi a tsakiyar gonar, sun yi wa shayin rumfa? Ba ado ba ne. Shayin Assam ba ya son zafin rana mai tsanani, don haka ake dasa masa itatuwan inuwa, yawanci irin Albizia, dangin katsarinmu. Suna rage zafi, ganyensu na zuba ya zama taki, saiwarsu na ƙara wa ƙasa ƙarfi, kusan aikin da gawo ke yi a gonar gero. To a jikin waɗannan itatuwa macen take zuba ƙwanta. Takan nemi tsagar ɓawo, ko inda ɓawon ya ɗago, ko ƙarƙashin gansakukan da ya manne a jikin itacen, ta tura ƙwai a ciki tsibi-tsibi, ƙanana masu launin kore-kore. Mace ɗaya tana zuba ɗaruruwa. Mai feshi yana can ƙasa da tankinsa a baya yana jiƙa shayi wanda tsayinsa bai wuce ƙugu ba, ƙwan kuwa suna sama da kansa, a cikin ɓawo, ko ɗigo bai taɓa su ba.

Bayan kamar mako guda a lokacin zafi sai su ƙyanƙyashe. 'Yar tsutsar da ta fito ba ta wuce milimita 2 ba, baƙa wuluk da zoben fararen ɗigo a jikinta. Ba ta gangarowa ta jikin itacen da ƙafa. Zare take fitarwa daga bakinta, siriri kamar na gizo-gizo, ta rataye a jikinsa, iska ta kaɗa ta ta sauke a kan shayi. Don haka in ka lura ɓarnar takan fara ne a ƙarƙashin itatuwan inuwa da ɓangaren da iska ta nufa, sannan ta bazu. Wannan zaren ba ta rabuwa da shi har ta girma. Ka taɓa reshen da take kai, sai ta saki jiki ta faɗo, ta tsaya a iska tana lilo, in ta ji shiru ta naɗe zarenta ta koma.

Inda take sauka shi ne inda kuɗin gonar yake. Shayi ba kamar masara ba ne da za a ce an ci ganye amma zangarniya ta tsira. Ganyen shi ne amfanin, kuma ba kowane ganye ba, toho da ganye biyu na samansa, su mata masu tsinka ke cira kusan kowane mako. Su ne kuma ƙaramar tsutsar ke so don taushinsu. Da farko ƙananan huji take yi kamar an soka allura, abin da ba kowa zai lura da shi ba. In ta ƙara girma sai ta koma ci daga gefen ganye. Tana yin saɓa kamar maciji, galibi matakai biyar take bi kafin ta cika, kuma kowane mataki cinsa ya ninka na baya. Mafi yawan abin da za ta ci a rayuwarta a matakai biyu na ƙarshe take cinsa. A lokacin ta kai santimita 4 ko fiye, ba ta bar tsohon ganye ba balle sabo, sai jijiyar tsakiya take ragewa. In sun yi yawa sai ka ga shayi ya koma tsirara kamar tsintsiya, kashinsu baƙi ya rufe ganyen ƙasa.

Akwai abin da ya fi burge ni a wannan halitta, kuma shi ne ke ruɗa ɗalibai har su ɗauka iri biyu ne. Kayanta take sauyawa da girma. Tana ƙarama baƙa ce da fararen ɗigo, in ta lanƙwashe a kan ganye sai ta yi kama da kashin tsuntsu, abin da babu tsuntsun da zai kai wa baki. Amma kashin tsuntsu yana da iyakar girma, abu mai tsawon ɗan yatsa ba zai ci gaba da wannan ƙaryar ba. Sai launin ya dushe ya koma ƙasa-ƙasa, fararen ɗigon su ragu, ta koma wata dabarar: ta kama reshe da ƙafafun baya huɗu, ta miƙe jikinta a karkace, ta sandare. Ka ga amfanin rashin ƙafafun tsakiya ke nan. Tsinke ba shi da ƙafa. Za ka iya kallonta ido da ido ka wuce, kana cewa busasshen reshe ne. Wadda ka gani baƙa da ɗigo, ashe ba ta gama girma ba, aikinta na gaba.

In ta ƙoshi, bayan mako biyu zuwa uku a lokacin zafi, sai ta sauko ƙasa ta tona kaɗan a gindin shayin, cikin ƙasa mai laushi ko ƙarƙashin busasshen ganye. Ba ta saƙa gida irin na tsutsar siliki. Dunƙulewa take yi ta zama wani kwanso ja-ja mai sheƙi, kamar ƙaramin ƙwallon dabino. A ciki ake rushe jikin tsutsa a gina na faɗa-wuta. Mako ɗaya ko ɗaya da rabi sai ya fasa ya fito, ya hau wani abu ya busar da fukafukai, dare na yi ya tashi neman aure. Kwanakinsa kaɗan ne, ba ya cin ganye, aikinsa ƙwai.

Ka haɗa lissafin: daga ƙwai zuwa ƙwai kamar wata guda ne a zafi, ya kan kai wata biyu a sanyi. A shekara ana samun zuriya shida zuwa takwas. Kuma ga inda ta sha gaban Biston: ba ta kwanciyar hunturu. Sanyi yana rage mata sauri ne kawai, ba ya tsayar da ita. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da ake datse shayi ana hutar da gona, ita tana nan a ɓangarorin da ba a datse ba da kan ciyayi da itatuwa tana lallaɓawa. Da sabon toho ya fito a Maris, ta riga kowa zuwa. Ta kuma haɗu da tsinkar Mayu da Yuni, wadda ita ce shayin Assam mafi daraja a kasuwa. Saboda zuriyoyin suna hawa kan juna, a rana ɗaya a gona ɗaya akwai ƙwai a itace, akwai ƙanana, akwai manya, akwai kwanso a ƙasa, akwai masu fiffike.

To ka ga amsar tambayarka ta fara fitowa da kanta. Matakai huɗu ne a rayuwarta, ɗaya ne kawai yake kan ganyen shayi. Feshi na yau ya kashe na kan ganye, to madalla. Bayan kwana uku waɗansu sun sauko daga sama a kan zare, bayan mako waɗansu sun fito daga ƙasa. Manajan gona ya zagayo ya ga tsutsa, ya ce maganin jabu ne, a ƙara ƙarfi a sake. Ga kuma damina irin ta gindin Himalaya daga Yuni zuwa Satumba, wadda takan wanke magani kafin ya bushe. Sannan yawanci ba a lura da ita sai ta yi girma ɓarna ta fito fili, alhali babbar tsutsa ta fi ƙarama jure guba nesa ba kusa ba.

Akwai dalili na biyu, a cikin cikinta yake. Ganyen shayi ba abinci ne mai sauƙi ba. Ɗacin nan da baurin da kake ji in mai shayi ya bar ganye ya daɗe a tukunya, da sinadarin da ke hana ka barci, duk makamai ne da itacen ya tanada don korar masu cinsa. Ƙwaron da ya saba cin ganyen itatuwa iri-iri, kowanne da tasa gubar, dole ya kasance da sinadarai a hanjinsa masu warware guba. Masu bincike a Jami'ar North Bengal, nan kusa da Siliguri, sun auna irin waɗannan sinadarai a jikin tsutsotsin shayi, suka ga na gonakin da ake yawan feshi sun fi ƙarfi. Wato kayan aikin da ta zo da su daga daji don ganye, su ta juya kan maganin ƙwari. Kowane feshi yana kashe masu rauni ya bar masu tauri su haihu, kuma abin da ke haihuwa sau bakwai a shekara ba ya daɗewa bai koyi darasi ba. Magungunan da aka fi dogara da su da farko, irin su cypermethrin da deltamethrin, haka suka yi ta rage kaifi. Aka koma sababbi irin su emamectin benzoate da flubendiamide, su ma in aka yi ta maimaita guda ɗaya hanyar da na farko suka bi za su bi.

Kuma manomin shayi hannunsa a ɗaure yake ta wata fuskar. Ganyen da aka fesa yau, cikin mako za a tsinke shi, ba a wanke shi kafin a sarrafa, daga masana'anta sai kofin mutum. Ƙasashen Turai masu saye suna da iyakar ragowar magani da suke yarda da shi, in ya wuce su mayar da kaya. Hukumar shayi ta Indiya ta fitar da ƙa'idar kare amfanin gona a 2014 wadda ta taƙaita magungunan da aka yarda a fesa wa shayi. Don haka ko da akwai gubar da za ta share ta, ba lallai a iya amfani da ita ba.

Me ya fito da ita daga daji tun farko? Masana suna kawo abubuwa uku: raguwar kurmin da ke kewaye da gonakin, sauyin yanayi da ya sa hunturu ya rage tsanani, da yawan feshin da ba ya zaɓe. A ganina na ukun ne ya fi nauyi, ko da yake ba su rabuwa. Gonakin Dooars tun shekarun 1870 suke maƙwabtaka da wannan kurmi, ita ma tana ciki, fiye da shekara ɗari ba ta zama annoba ba. Wani abu ne yake riƙe da ita. An yi shekaru ana feshi mai ƙarfi saboda wasu ƙwarin daban, musamman wani mai tsotsar toho da ake kira sauron shayi da kuma jan ƙuman ganye, feshin kuwa bai san abokin gaba da na gida ba. Da baƙuwar ta leƙo, ta tarar da dubban kadada na abinci iri ɗaya, kore shekara duka, da itatuwan zuba ƙwai a jere, masu gadi kuma an kashe su.

Masu gadin nan sun cancanci a san su. Ka san yadda zanzaro ke ɗauko tsutsa ya cusa a ɗakinsa na laka don 'ya'yansa. Akwai wasu 'yan uwansa ƙanana ƙwarai, irin Cotesia, da ba sa wahalar gini. Macen takan soka ƙwanta a jikin ƙaramar tsutsa tana raye, 'ya'yan su ci ta daga ciki, in sun ƙoshi su huda fata su fito su saƙa 'yan fararen kwanso kamar ƙwayar shinkafa a gefenta. In ka ga irin wannan a ganye kada ka murje, sojojinka ne. Akwai ƙudaje masu irin wannan aiki, akwai gizo-gizo, akwai wasu ƙwari masu dogon baki da ke soke tsutsa su tsotse ta, ga tsuntsaye da ke sauka a itatuwan inuwa.

Amma babban maƙiyinta ciwo ne. Akwai wani bairos, wato ƙwayar cuta, nata na kanta, daga dangin da ba sa kama mutum ko dabba, sai ƙwari. Yana zaune a kan ganye cikin wani ƙunshi mai tauri. Tsutsa ta ci ganyen, ruwan hanjinta ya narkar da ƙunshin, cutar ta bazu a jikinta. Sai ta daina ci, ta yi laushi, ta hau can saman reshe ta rataye da ƙafafunta kai a ƙasa ta mutu. Fatar ta yi rauni har ɗan taɓi ko ɗigon ruwan sama ya fasa ta, ruwan jikin ya zubo kan ganyen da 'yan uwanta ke ci a ƙasa. In tsutsa ta yi yawa a damina, wannan ciwo kan bi ta kansu ya kwantar da su cikin 'yan kwanaki ba da kuɗin kowa ba. Cibiyar binciken shayi ta Tocklai da ke Jorhat a Assam, wadda aka kafa tun 1911, tana cikin masu aiki a kan yadda za a mayar da shi maganin feshi. Matsalarsa biyu: hasken rana yana kashe shi, don haka da yamma ake fesawa, kuma ba ya kisa nan take, sai bayan kwanaki, abin da manaja mai gaggawa ba ya so.

Gonakin da suka fi samun sauƙinta su ne waɗanda suka ɗaga kai sama suka kuma duba ƙasa. A lokacin sanyi ana kankare ɓawon da ya ɗago da gansakuka daga jikin itatuwan inuwa, a shafe su da farar ƙasa don a toshe wuraren zuba ƙwai. Ana ɗaura leda mai danƙo a jikin itacen ta kama masu fiffike in sun zo hutawa. Ana kunna fitilar tarko da magariba a kwanakin da suke fitowa, ba kullum ba, don fitila ba ta zaɓe ita ma. Ana tona gindin shayi a tsince kwanso da hannu. Aiki ne mai cin mutane, amma kowace mace ɗaya da aka kama kafin ta zuba ƙwai, ɗaruruwan baki aka rufe. In feshi ya zama dole, a yi shi tsutsa tana ƙarama, a wuraren da ta sauka kaɗai, a riƙa sauya irin maganin. Fitilar tarkon ma babban amfaninta ba kisa ba ne, labari ne: ranar da ka ga masu fiffike sun yi yawa, ka ƙirga kamar mako guda zuwa kwana goma ka fara duba toho.

Abu ɗaya zan roƙe ka, rabi wasa rabi gaske. In za ka dawo, kada ka yi mana tsarabar dashe ko reshe ko ƙasar tukunya daga can ba tare da sun bi ta hannun masu binciken tsirrai ba. Abin da ke cin rogo da mangwaro da koko ba zai kwana da yunwa a Najeriya ba, ga kuma shayinmu a tsaunin Mambila.

Tunda kana kusa da ita, ka gani da idonka. Ka nemi izinin masu gonar ka ɗauki ƙanana biyar ko shida, ka sa a kwalba mai faɗin baki, ka zuba ƙasa mai ɗan danshi kamar yatsa biyu a gindi, ka rufe da ƙyalle ba murfi ba. Kullum ka sa sabon toho daga inda ba a yi feshi ba, ka kwashe kashin. Ka rubuta ranar kowace saɓa da ranar da baƙin ya fara komawa ƙasa-ƙasa. Wata rana za ka duba ka ga babu kowa a kan ganye, kada ka zubar da ƙasar, suna ciki. Ka sa ɗan tsinke a tsaye don wanda ya fito ya sami abin hawa ya miƙe fukafukansa. In kuwa a cikin shidan ɗaya ta tsaya da ci, ka wayi gari ka ga 'yan fararen ƙwayoyi a gefenta, ka ware ta a wata kwalbar ka jira mako guda, ka ga abin da zai fito.